Ƙorafi Kan Ƙofar Ɗakin Ɗanɗana Shayi da Aka Kulle Mu a Ciki

Daga: Mai Gyaran Keken Ɗinki, Shago na 9, Ƙasan Bene

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Kula da Shaguna, Ofishin Kwamiti, Bene na Farko

Kwanan wata: 18 ga Maris

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KULLE BAƘI DA KWAƊO A SHAGON SHAYI NA BENE NA UKU, DA ABIN DA YA JAWO WA WANI DATTIJO

Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Tun da na kama shago a ginin nan ban taɓa kawo ƙarar kowa ba, kuma ba don kaina na kawo wannan ba. Na kawo ta ne saboda surukina, mahaifin matata, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda kowa ke kira Baba Direba.

Mu huɗu ne masu sha'awar shayi: ni, da Baba, da wani tela da ake ce wa Dogo, da Mai Kemis na bakin ƙofar ginin nan. Duk Asabar muna haɗuwa, kowa ya kawo ganyen da ya samo, mu dafa, mu yi gardama a kai. Baba ne babbanmu, kuma hancinsa ne alƙalinmu. Ranar Asabar, 2 ga wannan wata, da hantsi, muka je ɗanɗana shayi a sabon shagon da ke bene na uku, bisa gayyatar mai shagon. Ga abin da nake ƙorafi a kai:

1. Mai shagon yana da ɗaki na ciki inda yake zaunar da baƙi. Ɗakin ba shi da makewayi, tagarsa ɗaya ce, ƙarama, can sama, da ƙarfe a jikinta. Kafin mu shiga ya karɓe wayoyinmu ya zuba a kwando a waje, wai ƙararsu tana raba hankalin harshe. Ya kuma toshe ƙasan ƙofa da tawul, wai kada ƙaurin suyar masu abinci ya shigo ya ɓata ƙamshi. Mun yarda, domin mu baƙi ne, kuma kowane mai sana'a da tsarinsa.

2. Tsarinsa shi ne ganye ɗaya sai an jiƙa shi sau da yawa, kowane zubi a sha, kuma barin saura a kofi raini ne ga ganyen. Kofunan ƙanana ne, har Dogo ya yi ba'a cewa ya ga maɓallin riga da ya fi su faɗi. Amma ƙaramin kofi in ya yi ta zagayowa, tulu ne. Mun gama ganye biyu, muka shiga na uku. Bai taɓa tambayar dattijon da ya haura saba'in ko yana bukatar ya ɗan fita ba. Mutumin da ya san a wane dutse ganye ya tsiro, ya kamata ya san inda ruwa ke zuwa bayan an sha shi.

3. Ana cikin haka ruwansa ya ƙare. Ba ya dafa shayi da ruwan famfo, sai wani na musamman da yake ajiyewa a motarsa. Ya ce mu ɗan jira, ya fita, ya ja ƙofar. Da kunnena na ji ƙarar kwaɗo. Daga baya ya ce ya saba yin haka ne don kada wani ya buɗe ƙamshi ya fice. Ni kuwa na ce saboda gwangwanayen ganyensa masu tsada da ke jere a kanta ne, kuma ban janye ba. Wanda ya kulle baƙonsa tare da kayansa ya riga ya faɗi abin da ya ɗauke shi.

4. Ya daɗe bai dawo ba, fiye da awa guda. An shaida mini cewa ya tarar an tare masa mota, ya tsaya rigima. Mun buga ƙofa, mun yi kira, amma shagon waje babu kowa, tawul ɗin nan kuma ya shanye muryarmu. Wayoyinmu muna jin ɗaya tana ƙara a cikin kwando, taku kaɗan daga inda muke.

Ranka ya daɗe, a nan zan nemi ka karanta da idon ɗa, domin kai ma kana da manya. Baba yana da lalurar da yawancin maza ke samu in shekaru sun ja. Tun kafin mai shagon ya fita yake a matse, amma bai faɗa ba, saboda ina wurin. Shekara ashirin da wani abu ina auren 'yarsa, ko abinci bai taɓa ci a gabana ba. Shayin nan ne kaɗai ya taɓa zaunar da mu a tabarma ɗaya. Na ga ya fara mutsu-mutsu a zaune. Na ga gumi a goshinsa, a ɗakin da ba zafi. Ya tashi ya je ya tsaya gaban kanta, ya juya mana baya, kamar mai karanta rubutun gwangwani, alhali bai zo da tabaransa ba. Na sa kafaɗa na doki ƙofar har sau uku, ba ta motsa ba. Sauran ba zan rubuta shi ba.

Mai Kemis, Allah ya saka masa, ya miƙe kamar zai taimaka mini, ya yi tuntuɓe da gangan da tasar da ake zuba ruwan ɗaurayar kofuna a ciki, ya kife ta a kan rigar Baba da kafet. Ya yi ta zagin ƙafarsa yana ba da haƙuri. Dukanmu muka taya shi faɗa. Baba bai juyo ba.

5. Da mai shagon ya buɗe ƙofa, kafet ɗinsa ya fara dubawa. Ya yi mana wa'azi kan ladabin zama a gaban shayi, mu da ya kulle kamar awaki. Har yau bai tako ya ba kowa haƙuri ba, kuma kwaɗon yana nan a ƙofar. Na hau jiya na gani. Da wuta ce ta tashi daga murhunsa, da gawa huɗu kwamitinka zai ƙirga.

6. Wannan shi ne mafi nauyi. Tun ranar Baba bai fito daga ɗakinsa ba. In na je gaishe shi, sai ya sa a ce yana barci, ina kuwa jin tarinsa ta labule. Ya daina shan shayi, wannan da sauƙi. Abin tsoron shi ne ruwa ma ya ƙi sha, sai ya jiƙa leɓe kawai. Matata ta yi kuka, ta yi lallashi, ta haɗa shi da jikokinsa, duk a banza. Ranar 14 ga wata likita ya zo gida ya duba shi, ya ce in aka ci gaba a haka ƙodarsa za ta taɓu, kuma a shekarunsa ba lallai ta dawo ba. Mu an buɗe mana ƙofa ranar nan, shi har yanzu yana ciki.

Saboda haka nake roƙon kwamiti, cikin ladabi, ya yi waɗannan abubuwa:

Na farko, a cire kwaɗon nan, a kuma hana kowane mai shago kulle ɗakin da mutum ke ciki, ko da zinariya yake sayarwa.

Na biyu, in za a yi bincike, a kira ni, a kira Dogo da Mai Kemis. Kada a kira Baba, kada a aika masa mai shagon. Ban haƙuri a gabansa zai zama an sake tsayar da shi gaban kantar nan ne. Ba ma neman diyya.

Na uku, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Matata ta ce a aikinsu na jirgi, in haɗari ya faru, direba yakan zauna a gida ba ya taɓa inji har sai hukuma ta bincika ta rubuto wanda ke da laifi. Ta ce zaman da mahaifinta yake yi yanzu irin wancan ne sak, ta san shi tun tana yarinya. Maganata ba za ta fito da shi ba, ni suruki ne. Ta likita ma ba ta yi ba. Amma mutum ne da bai taɓa musu da takarda mai hatimi ba. Ina roƙon ka rubuto layi biyu ko uku a takardar ofis, da sa hannunka da hatimi, cewa kwamiti ya binciki abin da ya faru ranar 2 ga wata, ya gano laifin duka na mai shago ne da ƙofarsa, kuma babu abin zargi a kan ko ɗaya daga cikin baƙin. Kada a ambaci suna, kada a ambaci riga. 'Yarsa za ta kai masa, da kofin ruwa a ɗaya hannun.

Na san aiki ya yi maka yawa, amma likita zai dawo ranar Alhamis. Ina roƙon takardar ta riga shi zuwa.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Mai Gyaran Keken Ɗinki
Shago na 9, Ƙasan Bene