Me Ta Ce?

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatun jinya kuma yana tafiya daidai. Kawu direba zai ba ki wannan takarda. Ban kira ki a wayar Umma ba saboda kin san ta, sai ta buɗe muryar wayar kowa ya ji, ni kuma sai bakina ya ƙi buɗuwa.

Ranar Asabar mun je taron iyaye a sabuwar makarantata, ni da Baba. Wata malama mai tabarau ta yi bayanin yadda sakandare ta bambanta da firamare. Ta ce kowane darasi da malaminsa, kuma da an kaɗa ƙararrawa ake rufe ƙofa. Ta ce iyaye su koya wa yaro hanya tun yanzu, su bar shi ya riƙa shirya jakarsa da kansa. Baba yana ta gyaɗa kai kamar shi za a saka a aji ɗaya. An zaga da mu. Yaya, akwai ɗakin karatu, littattafai har saman bango! Akwai wani ɗaki mai famfo a kan kowane tebur. Na ji daɗi sosai.

Jin daɗin nan ne ya dame ni. Sai da muka hau mota za mu dawo na tuna da Auta.

Kin san tun aikin da aka yi mata a baki tana jaririya, maganarta ta hanci take fita, rabi-rabi. Ni kaɗai nake ganewa. Umma tana kan keken ɗinki, ko ɗago kai ba ta yi, sai dai ta ce, "Kunkuru, me ta ce?" Baba ma haka. A makaranta duk lokacin hutun tara ina bakin tagar ajinsu. Ranar da zazzaɓi ya hana ni zuwa, ta roƙi malamarsu izinin fita bayan gida, malama ba ta gane ba, har ta jiƙa kayanta a gaban yara. Ba mu gaya miki ba.

Yanzu kowa ni yake shiryawa. Umma tana ɗinka mini kayan makaranta, Baba ya gyara mini zip ɗin tsohuwar jakarki. Ba wanda yake shirya Auta. Jiya ta tambaye ni ko tagar sabon ajina tana kallon nasu. Na ce mata ban duba ba.

Don Allah ki ce wa Baba ban isa sakandare ba, a bar ni in maimaita aji shida. Ke yana jin maganarki. Ni na cancanci haka, tunda har murna na yi zan rabu da ita.

Ki gaida abokan karatunki.

Ƙanwarki,
Kunkuru

*

Kunkuru sarkin noƙe kai,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, Kawu ya ajiye ta kusa da gwangwanin man birki, sai da na shanya ta kafin in karanta.

Maimaita aji? Ko a mafarki. To in kin maimaita bana, baɗi fa? Haka za ki yi ta zama a aji shida har ki yi furfura, yara suna ce miki Goggo? Kuma murna ba laifi ba ce. Ni ranar da na bar gida har waƙa na yi a mota.

Ki saurare ni. Laifin ba naki ba ne, na gidanmu ne gaba ɗaya. Kin fi kowa haƙurin sauraro, sai muka mayar da ke kunnen gida, kowa ya ajiye nasa. Ni kaina in na zo hutu ke nake kallo in Auta ta yi magana. A asibiti an koya mana cewa ƙafar da aka daɗe ba a taka ba mantuwa take yi da tafiya. Haka kunnen Umma ya zama.

Ga magani. Daga yau har a koma makaranta, duk wanda ya ce miki "me ta ce?" ki yi gum. Shiru dai sana'arki ce, ba sai an koya miki ba. In suka rasa ki, dole su saurare ta.

Ki gaida Umma da Baba, ki ja mini kumatun Auta.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na yi abin da kika ce, kuma da ma ban yi ba.

Da farko abin kamar wasa. Auta ta yi magana, Umma ta tambaye ni, na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ke kuma yau wace sabuwa ce?" Baba yana gyaran wata fanka a bakin ƙofa, ya ce, "Gida ɗaya rediyo biyu sun lalace, ni kuma fanka na iya." Har Auta ta yi dariya.

Washegari Umma za ta fita da mu sayen maɓallai da zaren kayana. Ta saka wa Auta takalminta na makaranta. Auta ta ce ya matse ta, yana cizon ta a baya. Na ji sarai. Umma ta ce, "Me ta ce?" Na yi shiru. Auta ta sake faɗa, ni take kallo, ba Umma ba. Umma ta ce, "Yunwa ce, in mun dawo kya ci," ta ja hannunta.

Yaya, tafiyar da nisa. Ina bayansu ina ganin yadda take ɗingishi, ina ta ce wa kaina yanzu Umma za ta lura. Umma tana duba launin zare. Da muka dawo aka cire takalmin, dunduniyarta ta saɓule, safa ta manne da jini. Ba ta yi kuka ba sai da aka zuba ruwa.

Umma ta ce, "Yarinya ba ki da baki ne?" Auta ta nuna ni da yatsa.

Tun ranar ba ta yi mini magana ba. Ta ɗauke filonta ta mayar ƙarshen katifa, wajen ƙafafuna. In na kawo mata ruwa sai ta juya wa bango fuska. Da ba mai jin ta sai ni, yanzu ni ma ba ta ba ni abin da zan ji.

Kayan makarantata suna rataye a ƙofa, an goge su. Ba na son kallonsu.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Na karanta, na kasa cin abincin rana. Ciwon nan rabinsa nawa ne. Na ba ki magani ban gaya miki yadda ake sha ba, kuma na manta wadda za ta fi shan ɗacin ba a tambaye ta ba.

A wanke ƙafar da ruwa mai tsabta, a bar ta ta sha iska, kar a sa mata rufaffen takalmi sai ta warke.

Sauran kuma sai kin buɗe baki. Ki gaya wa Umma dalilin shirunki. Ki gaya wa Auta gaskiya, cewa tagarki ba ta kallon tasu. Sannan ki je wurin malamarsu kafin a koma. Na san za ki so ki noƙe. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, Kunkuru. Shekara nawa kina yi wa wata magana, yau ki yi taki.

Yayarki mai neman afuwa

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ƙafar ta fara bushewa.

Na gaya wa Umma tana tsakiyar ɗinki. Sai da na faɗa sau biyu, don muryata ba ta fi ƙarar keke ba. Ta ɗauke ƙafarta daga kan feda. Ban taɓa jin ɗakinmu shiru haka ba. Sannan ta ce, "Ni na haife ta, ni ake yi wa fassara."

Ta kira Auta, ta sauko ƙasa ta zauna daidai tsayinta, ta ce, "Faɗa mini da kanki. In ban gane ba ki sake, ba inda za ni." Auta ta faɗa, Umma ta kuskure. Ta sake, Umma ta kuskure. Harshena yana ta ƙaiƙayi, na danne shi. Can Umma ta ce, "Jan ƙyallen nan kike so? Na 'yar tsanarki?" Auta ta gyaɗa kai da ƙarfi har ɗankwalinta ya zame.

Yanzu doka ce a gidan, in Auta za ta yi magana keke ya tsaya. Baba ma kashe fankar da yake gwadawa yake yi, ya ce ashe ba rediyon ba ce ta lalace, masu sauraro ne. Shi har yanzu rabi yake ganewa, sauran ya cika da "to, madalla." Jiya Auta ta ce masa kyanwa ta shiga akwatin kayan aikinsa, ya ce madalla.

Mun je wurin malamarsu ni da Umma, mun same ta tana jera kujeru. Na yi bayani ina kallon ƙasa, amma na yi. Ta ce za ta dawo da Auta layin gaba inda za ta riƙa ganin bakinta, in kuma fita take so ta ɗaga hannu ta nuna ƙofa, ba sai ta ce komai ba.

Na gaya wa Auta maganar taga. Ta juya wa bango fuska. Filon yana nan wajen ƙafafuna.

Ni da Baba mun gwada hanyar makaranta, ya sa ni na tsayar da mota da kaina. Jibi za a fara. Ki yi mini addu'a, ki yi mata.

Ƙanwarki

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, Kawu yana ta danna hon.

Mako ya cika da fara makaranta. Na ɓata sau ɗaya, na shiga ajin manya. Duk lokacin tara sai in ji ƙafata tana son zuwa wata taga.

Yau na dawo na tarar da Umma da Auta suna dariya a kan tabarma. Auta ta juyo ta ba ni labari mai tsawo, da sauri, cike da sunayen yaran da ban sani ba da wani wasa da suka ƙirƙiro a layin gaba. Maganarta ta farko gare ni ke nan tun ranar takalmi, kuma rabi ya wuce ni.

Na tsaya da jaka a kafaɗa. Na ce, "Umma, me ta ce?"

Umma ta ce, "Ajiye jakar ki zauna. Tambaye ta ta sake."

Taki,
Kunkuru