Tukwicin Gyaɗa

Babura, 6 ga Maris

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban-girma. Ina fata kana lafiya, ƙafar nan ta yi sauƙi. Yaya Inna da mutanen Gwiwa? Na rubuto ne tunda kunnenka ba ya shiri da waya.

Baba, na yi laifi. Ranar da Yaya Lauwali ya sauke buhun gyaɗa a ƙofata, ya ce tukwici ne ka aiko in kai wa waɗanda suka ba ni kayan koyarwa, dariya ta kuɓuce mini. Shi kuma da bakinsa mai kama da rariya ya kai maka har da ƙari. Sati uku ke nan ba saƙonka, abin yana cina.

Bari in sake bayani. Bara ɗalibaina na jami'a a takarda suke rubuta umarnin kwamfuta, ni in bi da jan biro, don manhajar da ake gwadawa da ita ta fi ƙarfinmu. Sai na samo wata ta kyauta a intanet, na zuba a filas, ɗan abin da ake ɗaukar bayanan kwamfuta a ciki, kowa ya kwafa. Da ka ga fuskar Rahamatu, wata ɗalibata 'yar Roni, ranar da kwamfuta ta fara bin umarninta!

Matsalar ita ce masu kyautar, wato waɗanda suka haɗu suka ƙirƙiri manhajar, dubbai ne, a warwatse cikin duniya, ba su da zauren da za a yi sallama. Abin da ya ba ni dariya ke nan, wallahi ba kai ba. Ka yafe mini.

'Yarka,
Barira

Babura, 20 ga Maris

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan an wuni lafiya, Yaya Lauwali ya kawo amsarka. Wai yaba kyauta tukwici, kuma ba ka haifi mai ci ta share baki ba, kada in tako gida sai tukwicin ya isa ga masu shi. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Na cire kunya na rubuta a dandalinsu na intanet, na ce mahaifina ya aiko da gyaɗa, ina zan kai? Wata mata daga can wata ƙasa ta amsa. Ta ce shekararta goma sha ɗaya tana wannan aiki ba a taɓa yi mata irin wannan godiya ba. Amma adireshi babu. A al'adarsu, in ka ji daɗin abu, sai ka ƙara masa wani amfani ka bar wa na baya.

Buhun yana nan bayan ƙofa yana hararata. A gaida Inna.

Taka,
Barira

Babura, 9 ga Mayu

Babana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafa, yaya zafi?

Ni da ɗalibai goma sha huɗu mun mayar da littafin koyon manhajar zuwa Hausa. Sati shida muka yi, kullum bayan lacca, muna gardama a kan kowace kalma. Rahamatu har kuskure ta gano a ciki ta gyara. Jiya aka karɓi aikin, aka sa sunayenmu cikin jerin masu manhajar. Ni da sunanka na shiga, Barira Sama'ilu Gwiwa.

Sai maganar buhu. Yunwa takan kama yaran nan wajen aiki, ni kuwa na riƙa soya musu gyaɗarka da gishiri, har ta ƙare ƙaf. Na tsorata da na ga gindin buhu. Amma ka duba, Baba: waɗanda suka cinye ta yau suna cikin masu kyautar. Tukwicinka ya shiga hannun masu shi, sun kuma ce a yi maka godiya.

Ina kewarka ƙwarai. Na haɗa jakata tun jiya. In taho ranar Juma'a?

'Yarka mai jiran izini,
Barira