Duwatsun da Kika Jera a Bakin Mayel Ibbi

Zuwa ga mahaifiyata, Dada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda kika koya mini, ƙara na kawo miki. Ƙarar babban ɗanki Hamma, kuma raina a ɓace yake.

Kin san Mayel Ibbi fiye da kowa. Ɗan rafin nan da ke gangarowa daga tuddan kudu, ya ratsa bayan gonarmu a Yolde Pate, ya sha kwana a gindin ɓauren da aka sa masa suna da shi da Fulatanci, ya nufi fadamar Njuwa. Da rani yashi ne zalla, mu tona da ƙwarya mu jira ruwa ya tsattsafo. Da damina kuwa ko saniya ba ta shigarsa.

Duk ƙarshen damina sai ki ɗauko dutse ki ajiye daidai inda ruwa ya tsaya a shekarar. Kakarki ce ta fara. Muna miki dariya, ke kuma ki ce, "Daga nan zuwa can nasa ne, aro ya ba mu." Ko kuɓewa ba ki taɓa shukawa ƙasan layin duwatsun ba.

Kin tuna Maman Rifkatu? Matar da ta gudo daga Michika a shekarar tashin hankali, da 'ya'ya uku da zane ɗaya, kika ba ta ɗakinki kika koma rumfa. Shekaru ta yi tana tuyar ƙosai a Dubeli don ta samu wurin kanta.

To Dada, bayan rasuwarki Hamma ya yanka bakin rafin fuloti-fuloti. Maman Rifkatu ya sayar wa na can ƙasa, don ita ce baƙuwar da ba ta san wurin ba. Duwatsunki kuwa, ya sa magina sun kwashe sun zuba a harsashin ginin ɗakinta. Wai tsohuwar al'ada ce, yanzu zamanin siminti ne. Shi da kika goya kina jera su!

Ranar Talata da la'asar ruwa ya sauko. Rafin bai yi komai ba illa bin hanyarsa. Ya shiga ɗakin matar nan har taga, ya tafi da katanga da buhun wake da takardun makarantar Rifkatu. Da ƙyar suka fita. Matar da ta gudu sau ɗaya, mu muka sa ta sake gudu. Hamma ya ce ƙaddara ce. Wallahi na kusa yi masa rashin kunya a gaban mutane.

Ni ma ban fita daga laifi ba, Dada. Ina nan aka auna filin. Na san layin, na yi shiru don kada a ce ƙanwa ta ja da yayanta. Wannan shirun ke cin raina.

Yanzu suna ɗakinki, kamar da. Gobe zan je gaban mai unguwa in ba ta rabona na gonar da ke kan tudu, ko Hamma zai daina gaisawa da ni.

Dutsen bana ni na ajiye. Na bi sawun laka ina neman inda ruwa ya tsaya, sai na same shi daidai wurin da kika ajiye naki na ƙarshe.

Allah Ya ji ƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya shiryi Hamma, Ya yafe mini shiruna.

'Yarki mai kewarki,
Dudu