Sandar Baffa Buba Ta Hau Jirgi

Dangora,
Ranar Lahadi.

Ƙawata Ramla,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da su Inna da ɗalibanki na Doguwa. Yaya jikin Tasi'u? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san ke ma kina zaton tashar jirgin ƙasa kamar tashar mota take, sai an cika a tashi. To, bari ki sha labari!

Kin san faman da na sha kafin iyaye su yarda in kai 'yan ajina tashar Kano. Sharaɗinsu ɗaya ne: Baffa Buba, dattijon rugar bayan makaranta, ya raka mu, ya dawo da yaran da hannunsa. In aka sami matsala, ba zan ƙara fita da ɗan kowa ba.

A bas muka tafi, a jirgi za mu dawo. Ramla, murna kamar yaran nan su tashi sama! Na nuna musu tagar sayen tikiti, da zauren jira, da inda ake auna kaya. Na ba su labarin yadda layin dogo ya iso Kano fiye da shekara ɗari da suka wuce, aka riƙa lodin gyaɗa da fatu zuwa Ikko. Barakatu ta taɓa ƙarfen dogon, ta ce zafinsa zai soya waina.

Da muka shiga tarago, Baffa ya ga da sauran kujeru, sai ya ajiye sandarsa don kama wuri, ya fita gaida ɗan'uwansa a Fagge. Jirgi ya yi kuwwa, ya ja. Yara suna ta tsalle a bakin taga, ni kuwa ina ta leƙen waje, babu Baffa babu alamarsa. Me zan ce wa iyaye?

Muna tsayawa a Dangora, ga iyaye suna jira, wa zan gani a tsakiyarsu? Baffa! Mota ya hau, ya riga mu isowa. Ya duba yaran ɗaya-ɗaya kamar yadda yake duba maruƙa da yamma, sannan ya karɓi sandarsa. Ya shaida wa kowa cewa ni na riƙe amana, shi ya yi sake. Kuma wai ba zai yarda a ce sanda ta hau jirgi mai ita bai hau ba, don haka dole a koma bayan hutu. Iyaye suka fashe da dariya, suka amince!

Ki kawo naki ɗaliban mu tafi tare. Amma kowa ya kama kujerarsa da kansa.

A gaida mutanen gida.

Taki har kullum,
Khairiyya