Matata Ta Yi Yaji Saboda Buhun Kawuna

Assalamu alaikum Gwaggo Hure. Don girman Allah ki ajiye sauran wasiƙun ki fara da tawa, domin ni wa'adina Juma'a ce. Ina gaishe ki da aiki, da fatan iyali da jikoki suna lafiya. Kada ki buga sunana, ko da yake a halin da nake ciki babu wanda bai san ni ba daga Ƙofar 'Yandaka har Babbar Kasuwa.

Ni malamin zane ne a wata sakandare mai zaman kanta a nan cikin birnin Katsina. 'Yan manyan azuzuwa ina koya musu gina siffa da yumɓu, da waya da siminti, wani lokaci da tsofaffin jaridu da sitaci. Wanda ke son karanta wannan fanni a jami'a kuma nakan taya shi haɗa hotunan ayyukansa wuri ɗaya, abin da ake kira fotfoliyo, domin da shi malaman can suke auna hannun yaro.

Da farko tulu muke yi, da taswirar ƙofar gari, da kwano da ludayi. To amma yara ba sa tsayawa inda ka ajiye su. Yau wannan ya gina rago, gobe wancan ya gina mai shayin layinsu har da butarsa. Labari ya kai wa iyaye cewa ana ƙera mutum-mutumi a makaranta, aka kira taro. Wasu suka ce a soke darasin baki ɗaya. Shugaban makaranta ya ƙi, ba don yana ƙaunar yumɓu ba, sai don darasin yana rubuce ɓaro-ɓaro a allon bakin titi, kuma ba a daɗe da yi wa allon fenti ba. Ana cikin haka wani ya tuna ya taɓa ji a rediyon mota cewa in babu kai to babu siffa. Garin nan kowane lungu akwai malami, amma ba a tura kowa ya tambayo ba, saboda an kawo lemo kuma la'asar ta gabato. Shugaban iyayen yara, Alhaji Sammani mai atamfa a Babbar Kasuwa, ya yanke hukunci: yara su gina abin da suka ga dama, amma kafin ranar baje koli a cire wa kowace siffa kai. Aka ce kuma ni zan riƙa cirewa.

Gwaggo, ki duba mini wannan aiki. In kwashe zango guda ina nuna wa yaro inda hanci yake zama da yadda kunne ke fitowa, sannan in ɗauko zare in fille kan tun yumɓun bai gama bushewa ba. Har na ƙware, yankana ba ya karkacewa. Ranar baje koli iyaye su zo su yi ta zagaya raguna marasa kai da raƙuma marasa kai, suna cewa ma sha Allah.

An ce in zubar da kawunan a bola. Na kasa. Gumin yara ne, wani kan ma ya fi jikin kyau nesa ba kusa ba. Sai na riƙa naɗe su a jarida ina kawowa gida, ina zubawa a buhu, na ɓoye bayan buhun gero a ɗakin ajiya. Ban gaya wa matata Furera ba. Ba wai ɓoye mata na yi ba, lokacin faɗa ne bai zo ba, har aka shekara biyu.

Ranar Asabar da ta wuce maƙwabciyarmu ta yi suna, aka aro tsakar gidanmu don girki. Albasa ta ƙare. Furera ta shiga ɗakin ajiya ta ga buhu cike da dunƙule-dunƙule, ta jawo shi har gaban matan unguwa ta zazzage. Ina makaranta a lokacin wajen ƙarin darasi, amma an ba ni labarin har na haddace. Kawuna suka yi ta gangarawa, wani ya tsaya jikin murhu, wani ya faɗa kwata. Da a ce na dabbobi ne kawai da abin ya zo da sauƙi. Yara kuwa wanda suka sani shi suke ginawa. Matar mai shayi ta ga mijinta yana kallonta daga gindin turmi. Wata ta ɗaga wani ta ce wallahi Mai Unguwa ne, har da ƙarin da ke bayan kunnensa. Aka watse, shinkafa ta ƙone.

Kafin magariba gari ya ɗauka cewa ni nake riƙe da kan mutanen unguwa. Mai Unguwa ya ce tun bara yake fama da ciwon kai, yanzu ya gano dalili. Mai shayi ya ce shi ya sa lissafi yake kuɓuce masa. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne wani ɗan siyasa da ya aiko a asirce, wai in gina masa kan abokin takararsa, a saka a buhun can ƙasa.

Da na dawo na tarar da Furera ta haɗa kayanta. Magana ɗaya ta yi mini: "Malam, shekara biyu ina ɗibar gero ana kallona, ba ka faɗa mini ba?" Ta tafi gidansu a Ƙofar Marusa. Na bi ta biko, mahaifinta Malam Ummaru ya ce ba za ta dawo ba sai na kawo buhun ƙofar gidansa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, na farfasa kawunan da taɓarya a gaban shaidu. In Juma'a ta wuce, ya ce, to sai dai a yi wata maganar.

Za ki ce in fasa mana, ai laka ce. Ga inda matsalar take. Ina da ɗaliba, Bara'atu, tun da na fara koyarwa ban ga hannu irin nata ba. Ƙarshen watan nan za ta kai fotfoliyonta jami'a. Dabarata ita ce in mayar wa ayyukanta kawunansu da gam a ɓoye, in ɗauki hoto, in sake cirewa. Wace jami'a ce za ta ɗauki yarinyar da duk abin da ta gina a wuya ya tsaya? Ga shi kuma Bara'atu 'yar Alhaji Sammani ce, wanda ya kafa dokar. Mafi kyawun aikinta wata mata ce zaune tana tankaɗe, kuma mahaifiyarta ce, Hajiya Rakiya, wadda ta rasu tun yarinyar tana aji ɗaya. Ranar da na yanke wannan kan, Bara'atu ta share teburinta ta fita. Har yau ta ɗauka yana bola.

A baje kolin bana Alhaji Sammani ya zo gaban wannan siffa ya tsaya, ya daɗe har jama'a suka wuce wajen abinci. Ni ina bayansa gumi na karyo mini. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Haka take naɗe ƙafa. Haka take karkata rariya." Ya juya ya shiga mota, ko lemo bai sha ba. Tun ranar na san asirina ya kusa tonuwa, tunda ya gane ta, wata rana zai tambayi inda kan yake.

Gwaggo, in na fasa na kashe wa yarinya karatu, kuma na sa taɓarya a fuskar uwarta. In na ƙi, aurena ya mutu. Furera mutuniyar kirki ce, ina sonta, gidan ya yi mini faɗi. Yau kwana nawa garin kwaki nake sha, ni da buhu muna kallon juna. Ki taimake ni.

Naki,
Malamin Yumɓu, Ƙofar 'Yandaka.

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Na yi dariya har jikata ta leƙo. Bari mu bi abin daki-daki, don Juma'a ba ta jira.

Furera tana da gaskiya, kuma kai ma ka sani. Sake karanta maganar da ta yi maka. Ba ta ce kai matsafi ne ba, cewa ta yi ba ka faɗa mata ba. Matar da aka kunyata a tsakar gidanta, gaban matan unguwa, a kan abin da mijinta ya sani ita ba ta sani ba, ba taɓarya ce za ta wanke mata zuciya ba. Shi kuma Malam Ummaru ba mugunta ce ta sa shi ba. 'Yarsa ta shiga bakin duniya, yana neman abin da jama'a za su gani su yi shiru.

Kai ma kana da taka gaskiyar. Wanda ya kasa zubar da gumin yara a bola malami ne na ƙwarai. Kuskurenka shi ne kowa ka ji tsoronsa: iyayen yara, shugaban makaranta, matarka, har yarinyar da ka bari tana zaton fuskar uwarta na cikin shara. Yanzu kuma kana shirin ƙara wani ɓoyon da gam. Ka ajiye gam ɗin nan. Hoton da aka ɗauka a bayan idon uba, ranar da ya fito, kai za a kora, ita kuma a hana ta karatun gaba ɗaya.

Batun halacci ko haramci ba nawa ba ne, kuma ba na rediyon mota ba ne. Iyaye suna da haƙƙin damuwa da abin da ya shafi addinin 'ya'yansu. Ka roƙi shugaban makaranta ku je tare da su wajen malamin da kowa ya yarda da iliminsa, a tambaya a tsanake, a bi abin da ya faɗa. Wannan tafiyar tun shekara biyu ya kamata a yi ta.

Yanzu ga abin da ya ba ni mamaki. Kai da kake koya wa yara kallo, an nuna maka abu a gabanka ba ka gani ba. Mutum ya tsaya gaban laka marar kai ya gane matarsa da ta rasu, daga naɗin ƙafa da riƙon rariya kawai. Kai gumi kake yi kana tunanin buhu. Malam, wane sakamako kake nema wa ɗalibarka da ya wuce wannan? Fuska kowa na iya kwaikwaya ya ce wance ce. Yarinyar da ta sa kafaɗa da yatsu suka faɗi sunan mai su ba ta buƙatar gam. Dokar da aka kafa don a taƙaita darasinka, ita ta tilasta wa yaran nan koyon abin da ya fi wuya, ba da niyyar kowa ba.

Don haka ka ɗauki hoton ayyukan yadda suke. Ka fito da su inuwa da hantsi, ka rataya farin ƙyalle a baya, ka ɗauka ta gaba da gefe da baya, ka matsa kusa da hannuwan. Ka haɗa da zanen fensir da ta yi kafin gini, ita kuma ta rubuta gajeren bayani da kanta, ta faɗi gaskiyar dalilin rashin kawunan. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kira sashen a jami'ar ka tambayi abin da suke so. Ban ce lallai za su ɗauke ta ba, wannan na Allah ne, amma za ta shiga da aikinta ba da dabararka ba.

Kawunan kuwa ba naka ba ne balle ka fasa, ba kuma na Malam Ummaru ba ne. Kafin Juma'a ka kai buhun makaranta, ka sanar da shugaba, kowane yaro ya karɓi nasa da sanin iyayensa, kowane gida ya yi abin da ya ga ya dace. Na Mai Unguwa ka kai masa da hannunka, ka haɗa da shawarar ya je a auna masa jini. Ɗan siyasar nan kada ka ko amsa masa sallama.

Ranar Juma'a ka je Ƙofar Marusa da buhu wayam, da dattijo ɗaya daga makaranta da zai yi wa shaidu bayani. Malam Ummaru so yake kawuna su bar gidan 'yarsa a idon jama'a, kuma sun bari. Sannan ka nemi izinin ganin Furera, ka ba ta haƙuri a kan shirun da ka yi, ba tare da ka kawo mata darasin zane ba.

Kan Hajiya Rakiya ne kaɗai ban yarda ka zuba cikin rabon ba. Gobe ka kira Bara'atu gaban wata malama, ka gaya mata kan yana nan, ba ka taɓa zubar da shi ba, ka nemi gafararta. In ta amince, ku tafi tare wajen mahaifinta a gida, ba a kasuwa ba. Ka miƙa masa a naɗe, ka faɗi gaskiya, ka yi shiru. Yana iya yin faɗa, yana iya cewa a mayar da shi ƙasa, kuma wannan hukuncinsa ne da 'yarsa. Amma mutumin da ya bar abinci ya shiga mota saboda riƙon rariya, ba na jin zai tambaye ka taɓarya.

Allah Ya jiƙan Hajiya Rakiya, Ya buɗa wa Bara'atu, Ya mayar maka da Furera ɗakinta lafiya. In ta dawo, duk abin da ka shigo da shi gida a buhu, ita za ta fara kwancewa.

Gwaggo Hure