Kwatar da Na Cike

Zuwa ga ɗiyata Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya baƙunta, ya karatun tsara gari? Mu nan Mafara lafiya lau.

Kwatar ƙofar gidan nan da kika ce hanyar ruwa ce, na cike ta na kafa rumfa. Na ce jami'a ba ta fi ɗan aji huɗu sanin gidansa ba. Ruwan dam ɗin Bakolori ya ƙi isa gonata bana, na sama kuwa ya shigo har ɗakin innarki, ya jiƙa mata shinkafar iri.

Har yau ba ta kula ni. Sharaɗinta in haƙe kwatar da hannuna, in kuma rubuto miki cewa kin yi gaskiya. To, kin yi gaskiya. Saura haƙa, ki sa bayana a addu'a.

Gaida abokan karatunki.

Babanki