Na Ƙi Sunan Da Tsohuwa Ta Raɗa Mini

Hajiya Indo, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya tsaya mini a rai. Ni 'yar unguwar Kambarawa ce, shekara tara ina koyarwa a Katsina kafin in sami aikin malanta a wani ƙauyen mutanen Inupiyak a Alaska, inda sai ƙaramin jirgi ke zuwa. Ni da ke kukan sanyin Janairu a gida, ga ni inda numfashi ke daskarewa a mayafi.

Wata tsohuwa mai dafa abincin makarantarmu ce ta riƙe ni. Ta ɗinka mini safar hannu ta fata, ta koya mini tafiya a ƙanƙara, kullum tana ajiye mini kifi don ta lura ba kowane nama nake ci ba. Ran wani taron gari ta miƙe ta ce ta raɗa mini sunan ɗiyarta da ta rasu. A al'adarsu, wai wanda ya ɗauki sunan mamaci ya zama tamkar shi a wurin dangi. Ni kuwa sarkin azarɓaɓi, tsoron shirka ya kama ni, na ce a gaban kowa ba na so, addinina ya hana. Ta koma ta zauna.

Wata huɗu ke nan. Tana zuba mini abinci, amma ba ta kallona. Wallahi kunya da nadama sun ishe ni. Saura mako shida in dawo gida. In je in ba ta haƙuri, ko in tafi shiru kada in fama mata ciwo?

Baƙuwar Ƙanƙara

Ɗiyata, kishin addininki abin yabo ne, ba zan ce ki yar da shi ba. Amma kin yi gaggawa. Mu ma nan muna sa wa jaririya sunan kakarta, ubanta ya riƙa ce mata Ummi, kuma ba wanda ya ce kakar ce ta dawo. In zuciyarki ba ta natsu ba, ki kira malamin da kika yarda da shi ki tambaya. Ko da amsar a'a ce, akwai yadda ake faɗinta, ba a bainar jama'a ba.

Kada ki tafi shiru. Ki sami tsohuwar a gida, ke kaɗai, ki faɗi gaskiya: tsoro ne ya sa, ba raini ba. Sannan ki roƙe ta ta ba ki labarin ɗiyar, ki zauna ki saurara. Tana iya ƙin sakin fuska, wannan haƙƙinta ne. Ki dai tuna, matar nan ba ta da abin da ya fi sunan nan tsada, kuma ke ta zaɓa.

Allah Ya sanyaya zuciyarta, Ya dawo mana da ke lafiya.

Hajiya Indo